Wat Tamanin da Uku

Gidanmu a Aboabo ɗaki tara ne, mita ɗaya.
Ran Litinin muka zuba mata sidi ɗari biyu,
kafin Juma'a ta fara kukan ɗan tsako,
jan idonta na ƙiftawa a bangon zaure.

Maigida Gariba ya tara mu bayan isha'i.
Bai kira suna ba. Ƙofata kawai ya duba,
kowa ya bi idonsa.
"Akwatin nan mai buga wa mutane takardu,
kullum a kunne, iska yake ci?"

Ban yi musu ba.
Da safe na hau mota zuwa Kejetia,
wajen Mubarik mai gyaran rediyo,
na aro ɗan ma'auni, bai fi sabulun wanka ba.
A soka shi a bango, a soka na'ura a cikinsa,
ya ba da shaida da baƙaƙen lambobi,
ba ya jin nauyin kowa.

Da kaina na fara.
Kwamfuta a zaune, ba ta komai: wat arba'in da ɗaya.
Na buɗe takardar neman aikin ɗan Hamdiya:
arba'in da takwas.
Na kashe ta ɗungurungum,
ma'auni ya ƙi komawa sifili. Uku.
Ashe ko a barci tana lasar miya.

Sai allon.
Tsohon allo mai ƙaton ƙeya, mai nauyin turmi,
wanda yayana Inusa ya bari
ranar da ya bi hanyar hamada.
Shekara bakwai ke nan, ba murya, ba saƙo.
Hotonsa na kai, yana dariya da giɓinsa,
kuma Inna ba ta runtsawa sai yana haska bango.
Na soka. Na jira ya ɗumama.
Tamanin da uku.
Na rubuta, biro na ɗan rawa.

Daga nan na bi ɗaki ɗaki da littafina.
Fankar Seidu tela, hamsin da biyar, da ƙara kyauta.
Firijin Barikisu mai soborodo da lamurje,
ɗari da ashirin idan ya tashi nishi.
Dutsen guga dubu cur,
mai shi ya rantse Juma'a kaɗai yake kunnawa.
Yara na bina a baya,
suna miƙo caja da tocila a auna musu.

Ɗakin maigida ne ƙarshe.
A bayan ƙofa, cikin bokiti,
murɗaɗɗen ƙarfen dafa ruwa.
Dubu da ɗari biyar.
Ya dubi lambar, ya dube ni.
A kan katifa tsohonsa na kwance,
ƙafafun da suka daina ɗaukarsa an rufe da zane.
Na san ƙarar bokitin nan kafin kiran assalatu,
ban taɓa tambayar na mene ne ba.

Da dare na karanta wa taro lissafin.
Nawa na fara faɗa:
tamanin da uku, awa shida, kwana talatin,
ya kai yunit sha biyar a wata, zan biya.
Da na zo layin ƙarshe
Gariba ya riga ni: "Arba'in da biyar. Nawa ne."
Seidu ya yi gyaran murya, bai ce komai ba.
Barikisu ta raba mana lamurje mai sanyi.

Na mayar da ma'auni.
Mubarik ya nuna min wani allo siriri kamar faifai,
ya ce ashirin kawai yake sha.
Na ce sai wani wata.

Yanzu ƙarfe goma ta wuce.
Inna ta juyo ta ce, "Kunna min shi."
Yakan ɗauki lokaci.
Kore-kore tukuna,
sannan goshi,
sannan giɓin.