Kunne a Ƙasa

Ƙarfe biyu na dare a bayan garin Decatur.
An girbe masara tuni, ƙanƙara ta rufe kunyoyi.
Ni da shayin da ya huce da allon kwamfuta
muna gadin abin da ba ɓarawon da ke so.

Hayaƙin masana'anta ne, iskar kabon.
An matse shi har ya kusa zama ruwa,
aka ɗura shi zurfin kilomita biyu
cikin dutsen yashi mai huda-huda kamar soso,
dutsen laka ya zame masa murfi.
Rumbu ne,
amma wanda ake fatan kada a taɓa buɗewa.

Da rana mota ta zo ta durƙusa,
ta dafa ƙasa da tafin ƙarfe, ta yi ta karkarwa.
Kunnuwa ɗari huɗu da muka dasa a gona
suka kwaso amsa-kuwwar.
A hoton da ya fito, ajiyarmu ta bazu kaɗan,
kamar tabon manja a farar riga,
ta karkata arewa da taku saba'in.

Babana, Tanko, haƙar rijiya ya yi a Bakori.
Sai ya buga diga sau uku, ya kwanta, ya kara kunne,
ya miƙe ya ce, gaba goma, akwai ruwa.
Shi yana roƙon ƙasa ta bayar.
Ni 'yarsa ina roƙonta ta riƙe.

Shekaranjiya mai gonar, tsoho Orval,
ya tsai da tarakta, ya tambaye ni:
zai zauna a can har jikokina su tsufa?
Na so in ce masa komai nisan jifa ƙasa zai faɗo,
sai na tuna wannan jifan
ƙasa aka yi shi, kuma sama yake marmari.
Na ce, ina saurare.
Ya jinjina kai. Bai ce ya gamsu ba.

Uku saura kwata, layin allo ya yi tsalle.
Motsi ne ɗan mitsitsi,
ko karen Orval bai ɗaga kunne ba.
Na auna: can ƙasa ne, nesa da murfin.
Dutse ne ya gyara kwanciya.

Na rubuta lokaci, na rubuta zurfi,
na sa hannu.
Na mai da ruwa a wuta.