Ludayin Kalambaina

Rediyon da ke rataye a rumfata
ya ce arzikin ƙasa ya ƙaru bana.
Na buɗe tukunya, na girgiza mudu,
na kwance bakin zanena na duba
ko nan ya sauka ban sani ba.
Sai na koma ga muciyata,
don tuwo ba ya jiran a gama labarai.

Shekara sha ɗaya ina dafa wa Kalambaina
a tsallaken ƙofar gidan siminti.
Tireloli kan yi layi har ido ya gaji,
kowace ta sha kaya, ta yi nishi, ta miƙe,
ta bar mana rawar ƙasa da tari.
An ce can inda suke zuwa
benaye na tsiro kamar gero bayan ruwan fari.
Ban je ba. Na dai ji.

Arzika ne ya fara zuwa yau.
Kakarsa ta laƙaba masa sunan,
fata nagari, in ji ta, lamiri.
Buhu nawa ya bi ta wuyansa jiya?
Ya ce ya daina ƙirga daga azahar.
Girarsa ta yi furfurar da ba tasa ba.
"Kulu, na ɗari biyar, ba nama,
ki dai sakam mini hannu wajen miya."
Damina ta cinye masa bangon ɗaki,
ya kwaɓa laka da ƙafarsa ya mayar.
Mutumin da siminti ke kwana a kunnensa
bai taɓa kai buhu guda gida ba.

Sai Jelani, mai takardu a leda,
wata bakwai yana gaida mai gadi.
Ya karanta ilmin tattali a jami'a,
shi ya warware mini zancen rediyo:
wai tarawa ake yi, a raba bisa kawuna,
a ce ga rabon kowane ɗan ƙasa.
Na ce, yaro, tsaya in gane.
In na zube wa mutum guda tsoka goma,
tara suka tashi da romo,
sai in rubuta kowa ya ci tsoka?
Ya yi dariya har ya ƙware.
Na miƙa masa ruwa. Ruwa dai kyauta ne,
shi ma ɗin jarka nake saye.

Kada in wanke kaina da yawa.
Ran da shinkafa ta sake tashi
na je Tsohuwar Kasuwa da sassafe
na sayo ludayi ƙarami,
na shafa masa baƙin tukunya don ya tsufa.
Babu wanda ya ce uffan.
Sun gani. Mai yunwa ba ya makancewa.
Sai dai kowa ya san wuƙar da ta yanke ni
ita ce ta zarce ta same shi.

In ana neman abin da ya haɓaka bana,
a zo, ina da shaida:
littafin bashina ya cika har bango.
Nomau, kwano takwas. Ɗan-Ige, sha biyu.
Akwai wanda na ja wa layi da kaina,
ba don ya biya ba,
don na je gaisuwar ukunsa.

Da almuru motoci masu baƙin gilashi
kan fito su nufi cikin gari,
sanyinsu a rufe, kada ya zuba a hanya.
Ba na zagin kowa. Allah ya ƙara musu.
Tambayata ƙarama ce, ta mai tuwo:
tukunyar da aka ce ta ƙara girma,
ludayinta yana hannun wa?

Arzika ya dawo bayan isha'i, tashin ƙarshe.
Rediyo ya yi shiru, batir ya mutu.
Na waiga, ba kowa,
na zaro tsohon ludayin daga ƙarƙashin benci,
na zuba masa biyu.
Wannan ban rubuta ba.