Hakiya

Jika uku na ba yaron Jibiya,
ya miƙo mini shi cikin ƙyallen atamfa:
gilashi zagayayye, faɗin bakin kofin shayi.
Ya ce, ɗaura wa idon kamara,
ya tare mata yatsa da yayyafi,
ya tace mata rana kamar rariya.
Na ɗaura. Shekara goma sha ɗaya ban kwance ba.

Ban san da ƙurji a cikinsa ba,
ɗan kumfa, bai kai ƙwayar gero ba,
da wani zane siriri daga gefe
kamar an ja farce a bayan sabuwar ƙwarya.

In rana tana bayana, lafiya lau.
In ta kewayo ta dube ni ido cikin ido,
sai wani fari-fari ya sauko sama ta hagu
ya zauna.

Ya zauna kan ƴan lakwal na Bagalam
ranar rabon sakamako,
ya cinye kunnen malaminsu.
Ya bi ni Madarumfa, bisa ruwa,
ya shafe rabin kwalekwale.
Daren sunan ɗan Jariri, unguwar Zariya,
kowace fitila ta haifi ƙanwa,
koriya, a kife, tana lilo ba igiya.
Na zagi mai wanki. Na zagi takarda.
Har wutar lantarki ta sha nata rabo.

Sai da Mantau, wanda ya koya mini sana'a,
ya dawo daga Arlit da tari da sanda,
ya murɗe gilashin, ya ɗaga shi bakin ƙofa,
ya kanne ido ɗaya:
"Idon kamararka garau yake, yaro.
Tabaraunta ne ke da hakiya."

Na jefa shi gwangwanin tumatir, cikin kusoshi.
Hotuna suka fara fitowa tas,
kana iya ƙirga zaren hula.

Bayan damina Kuluwa ta zo,
kabu-kabu ya sauke ta, ba ta sallame shi ba.
Ta kwance bakin zane, ta fito da Nomau:
yana zaune bisa buhunan aya a babbar kasuwa,
tiya a cinya, dariya ta kusa kuɓuce masa,
ga farin nan bisa kafaɗarsa ta hagu
kamar an zubar da nono.
Kwana arba'in da uku ke nan da rufe shi.
Tana son a ƙara masa girma, a sa a bango.

Na ce, Inna, laifina ne wannan tabon,
yanzu akwai na'ura, sai in goge shi,
ba sai kin ƙara ko dala ba.

Ta ɗora babban yatsa a kan farin.
"Nan nake tsaye.
Fura na kawo masa, ka ce in matsa,
na matsa, ban matsa duka ba.
Da hoton ya fito ya yi ta tsokanata,
wai rana ma kishina take.
Yara ba su sani ba.
Su ubansu suke gani, ni mu biyu nake gani.
Kada ka taɓa."

Na kai hoton ƙarƙashin fitila.
Can inda farin ya fara sirancewa
ga gefen faifai.
Ga abin da zai iya zama warwaro.

Na buga shi yadda yake, babba,
tabon ya kai tafin hannu.
Ta biya, ta rungume shi a kife, ta hau babur.

Da dare na zazzage gwangwanin.
Kusoshi sun ƙara masa zane biyu.
Na hura, na goge da bakin riga,
na ɗaga shi na dubi titi:
fitilar mai shayi, da ƙanwarta koriya,
da mutane suna wucewa ta cikin farin,
ban san ko su wane ne ba.