Rigar Arzika

A fadar ƙofar shagona, nan Garkawa,
da an ɗora shayi na biyu musu ke tashi:
kashi na ɗaya ya fi, a'a, na biyu,
na uku kuwa ko kyauta ba sa so.
Ni ina taka keke, zare a baki,
ina jin su suna yanka fim ɗin da ya girme su
kamar su suka haife shi a Tawa.

"Motar Albasa." Shekara talatin da ɗoriya.
Daren da aka fara haska shi a bangon silima
mun shiga da dala ashirin-ashirin,
marasa ita suka ɗare kan bedi,
reshe ya karye da mutum huɗu,
ba wanda ya yi kuka sai da aka tashi,
don Arzika ya riga ya kama sitiyari
yana cewa, "Buhu ba ya ruɓa a hannuna."
Washegari har mai ƙosai
da wannan magana take miƙa canji a kasuwa.

Yaran nan sun haddace shi kamar Ƙulhuwallahu.
Sun san lambar motar, sun san inda taya ta fashe,
sun san akuyar da ta ratsa bayan Hajo tana cikin kuka,
har suna sun raɗa mata.
Abu guda ke cin su:
me ya sa a na uku direban ya rage tsawo,
rawani har hanci, kullum ƙeya ga kamara,
murya kamar ta mai mura, ba ta fitowa?

Wani ya ce asiri. Wani ya ce a kan Hajo ne.
Wani ya rantse kakansa ya ga an zare wuƙa.
Ni dai awo na sani.
Shuɗiyar rigar nan mai aljihu huɗu ni na ɗinka,
kafaɗa hamsin da biyu.
Ran wata Laraba Tsahiru mai kamara ya shigo da ita a leda,
bai zauna ba, bai amsa gaisuwa ba,
ya ce, "Rage ta. Nomau zai sa."
Na ce, "Ina mai ita?" Ya ce, "Ya ƙi hawa."

Jika arba'in ce, jama'a, da suna a takardar talla.
Arzika ya ce tunda shi ake yi wa tafi
sunansa ya hau saman na Tsahiru.
Tsahiru ya ce gonarsa ya sayar ya sayo kaya daga Yamai,
tafi bai taɓa biyan bashi ba.
Dattawa sun shiga, limami ya shiga,
kowa ya riƙe tasa gaskiyar kamar igiyar guga,
ruwa ya ƙafe, ba mai sassautawa.

Tsahiru ya rasu bara waccan.
Arzika ya bi gawa har kushewa, a sahun baya,
ya koma rumfarsa ta gyaran rediyo.
Jiya yaran suka kai masa waya, fim ɗin na ciki,
suka ce, "Baba, faɗi maganar nan sau ɗaya."
Ya karɓa, ya tura da yatsa, ya wuce nasa biyun,
ya tsaya a na uku, inda ƙanensa ke tuƙi fuska a rufe.
Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Hasken nan ya yi.
Mutumin ya iya ɗaukar rana tana faɗuwa."

Ni kuwa ƙyallen da na yanke daga kafaɗar
yana nan cikin gwangwanin maɓallai.
Kuɗin ɗinki da kuɗin ragi
har yau ba wanda ya biya.
Na buɗe baki zan faɗa musu, shayi na uku ya sauka,
wani ya sake tayar da zancen akuya,
na mayar da ƙafa kan keke, na ci gaba da takawa.