Sifili

Ƙarfe ɗaya na dare a Valparaíso.
Jiragen ruwa sun lafa a gindin tudu,
kare guda na haushi a matattakalar unguwarmu,
ni kuwa ina ƙirga mutanen da ban taɓa gani ba.

Da rana ina ofishin kwastan, ina buga hatimi.
Da dare ni ce mai awo a rumbun gayya,
rumbun manhaja, ba kwaɗo a ƙofarsa,
kowa ya zo ya ɗiba, ba sisi ba kwabo.
Aikina bai taka kara ya karya ba:
in an ɗauki ƙunshi, ɗigo guda ya faɗo wurina.
Ba suna, ba gari, ba lambar gida.
Ɗigo kawai, kamar tsakuwa a cikin tulu.

Anselmo Quilodrán ne ya fara ɗinka awon.
Shekara shida ke nan da ya koma kudu kiwon zuma.
Gadon da ya bar mini, a gefen layi na ɗari biyu da tara:
"Kar a taɓa nan. Ban san dalili ba, amma yana aiki."
Na taɓa, mana. Na kwana biyu ina mai da shi yadda yake.

Wata Talata alƙaluma suka kumbura,
ƙunshi ɗaya, sau dubu arba'in kafin gari ya waye.
Abokan aiki suka hau tafi daga ƙasashe bakwai.
Na ce ruwa ba ya tsami banza.
Ashe na'ura ce ɗaya tak a wani ɗaki mai sanyi,
ta gina, ta rushe, ta dawo ta sake ɗauka,
ba ta hamma, ba ta neman shayi.
Mako guda na yi ina koya wa mudu
ya bambanta hannun mutum da hannun inji.
Da facin ya shiga, farin jininmu ya ragu da rabi.
Ba wanda ya ce sannu.
Na ci burodi da fiya a tsaye, na kwanta.

Sai aka ce rumbu ya cika, a yi shara:
duk ƙunshin da ya shekara ba ɗigo, a fitar da shi.
Na jera su, talatin da bakwai.
Na ashirin da uku ɗan mitsitsi ne,
yana lissafin cikar teku da janyewarsa.
Sifili a watan Yuni, sifili a Disamba.
Na sa masa alama. Tsintsiya na hannuna.

Daren nan saƙo ya shigo daga tsibirin Chiloé,
Eliana Millacura, layi huɗu, ba gaisuwa mai tsawo:
"Da shi muke gaya wa masu kwalekwale lokacin fita.
Mun kashe maɓallin ƙidaya tun ranar farko,
kun ce muna da iko.
Don Allah ku bar shi."

Maɓallin nan ni na yi faɗa a kansa.
Wata uku ina musu har aka yarda
duk wanda bai so a ƙirga shi, a ƙyale shi.
Ni na yanka ƙofar, ni kuma na manta
cewa akwai masu bi ta cikinta.

Sauran talatin da shida fa?
Na dube su, suna kallona, bakinsu a rufe.
Wa ke jingine da su, a wane gari,
bai rubuto ba don bai san ana shara ba?

Na cire alamar. Na ajiye tsintsiya.
A ƙarƙashin rubutun Anselmo na ƙara nawa:
"Sifili a nan: ko babu kowa, ko ba su faɗa ba.
A tambaya tukun. Ximena."

Ƙarfe shida saura. Tsohon keken hawa tudu
ya fara kukansa na ƙarfe.
Shayina ya huce tun ɗazu.
Ina na ajiye makullin ofis?