Tarago Biyu

Asuba a tashar haɗa taragu ta Silesiya,
ƙanƙara ta kwanta bisa dogo kamar an barbaɗa gishiri.
Bogumił ya hura tafin hannunsa,
ya ce wa sabuwar ma'aikaciya, Dobrosława:
"Ajiye takardar nan. Dubi can."

Tarago ɗaya na gangarowa cike da kwal,
tan tamanin, tafiyar ƙasaita,
kilomita biyar a awa, babu gaggawa.
Ɗayan na tsaye, fanko,
tan ashirin na ƙarfe da tsatsa,
ba komai cikinsa sai gashin tattabaru.

Gwaram!
Hankaki suka watse daga kan waya.

"Wa ya fi bugun wani?" in ji tsohon.
Ta ce, "Babban mana."
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Ko kusa. Abin da wannan ya ba wancan,
shi wancan ya mayar masa, ba ragi, ba ƙari,
cikin ƙiftawar ido guda.
Bugu ɗaya ne aka raba wa biyu.
Ɗaukarsa ce ta bambanta."

Ga su sun sarƙu, suna tafe tare,
huɗu a awa.
Mai kaya ɗaya tak ya rasa daga biyar ɗinsa,
da ƙyar kwal ɗin ya motsa.
Fanko kuwa, daga tsaye cik
aka fizge shi zuwa huɗu,
kusoshinsa na kuka,
ƙanƙarar rufinsa ta zube a baya.
Nauyi ninki huɗu, sauyi kashi ɗaya cikin huɗu.

Dobrosława ta rubuta da fensir mai daskarewa.
Shi kuma ya zare safar hannun hagu.
Yatsu uku.
"Shekara talatin da ɗaya ke nan.
Na sa hannu tsakaninsu don in gyara ƙugiya.
Ni ma na tura taragon, kin sani,
daidai yadda ya tura ni.
Lissafi bai cuce ni ba.
Shi dai bai ma san an yi ba."

Ya mayar da safar.
Can sama wani taragon ya kamo gangara,
a hankali, a hankali,
kamar ba zai iya kashe ko ƙuda ba.
Ta ja baya taku biyu
tun kafin ya ce ta ja.