Wuri Uku a Kumo

Bayan rumfar masu kanwa
Inna Dudu ta kaɗe faifai, ta ce,
"Zaɓi shimfiɗa kafin ka buɗe baki.
Wuri uku na mai sauri ne:
jiya, yau, da wanda ke bakin ƙofa.
Bakwai akwai gidan dangi, akwai na maƙiyi.
Sha biyu sai wanda ya ci ya ƙoshi,
don la'asar za ta same mu a nan."

Na ce uku.
Gonar audugar babana aka taya,
takardar na aljihuna, gumi ya jiƙa ta.

Ta zuba. Ɗaya ya kife,
ɗaya ya hangame baki sama,
na ukun ya yi tsalle ya ɓace.
Muka ɗaga tabarma, har jikanta ya taya lalube.

Ta yi dariya:
"Mai zaɓen uku tun gida ya gama shawara.
Shaida ka zo nema, Gidado,
ni kuwa ba na dangwala yatsa."
Ta mayar mini da ɗari biyuna.

A motar Gombe na tsinci wurin
maƙale a naɗin wandona,
bakinsa cike da ƙasa.